Abin da Ɓeraye Suka Faɗa Game da Ciwon Goggo

Aikin farko da aka damƙa mini a gidanmu kiwon awaki ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Roni, a gindin duwatsu, kuma a farkon shekarun 1970 duk yankin Kazaure yana cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka yanki Jigawa. Yaron da ke bin awaki yakan san abubuwan da ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Na san bunsurun da aka fiɗiye tun yana ƙarami ba ya wari, ba ya bin akuya, sai dai ya yi ta ƙiba. Na san 'yar akuya hantsarta a shafe take, sai ta isa barbara ta ɗan tasa, idan ta ɗauki ciki ta cika ta sauko. Kakata takan duƙa ta shafa ta ce, "Maigidana, kada ka kai wannan nesa yau, haihuwarta ta matso." In an yaye ɗan, hantsar ta motse ta koma jiran wani cikin. A cikin gida ma haka ne, ranar da yarinya ta fara ƙirgar dangi tsofaffi sun fara zancen aurenta ke nan. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke ba nono umarni ya fito a lokacin da yake fitowa. Ikon Allah ne, kuma gaskiya ne. Amma Allah ya yi wa kowane abu sababi, kuma bin diddigin wannan sababin ne ya cinye mafi yawan shekarun aikina a ɗakin gwaji.

Ina sakandare ƙanwar mahaifina ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Goggo ba ta daɗe da yaye autarta ba, shekarunta kuma ba su wuce arba'in ba. Ƙullutun ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, don haka ta ja bakinta ta yi shiru har damina ta wuce aka shiga kaka. Wa za ta buɗe wa ƙirji? Da ta faɗa wa kakata sai aka ɗauka irin ciwon nonon masu jego ne, wanda ke kumbura ya tara ruwa. Wannan kowa ya san maganinsa: a kira wanzami ya yi sakiya, mugunya ta fita, mace ta samu barci. Ba na ganin laifin wanzamin, domin mata da yawa sun warke a hannunsa da wannan ƙarfen. Sai dai ranar da ya huda na Goggo jini kawai ya fito, kuma bakin bai sake rufewa ba.

Da na dawo hutu na tarar an mayar da ita ɗakin ƙuryar gida, kusa da rumbu. Kaskon turare ba ya mutuwa a bakin ƙofar, saboda wari. Fatar nonon ta yi kauri, kansa ya shige ciki, kaluluwa ta cika hammata, hannun ya kumbura har sai da aka kira maƙeri ya datse awarwaron da ya nutse a tsintsiyar hannunta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Ɗan nan, kai da kake boko, a littafinku babu maganin daji?" Na ce, "Goggo, ba mu zo wurin ba tukuna." Aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi, aka kai ta Kazaure, daga can aka tura su Kano. Suka dawo da maganin rage zafi da labarin cewa ciwon ya wuce aiki. Ta rasu a 1980. Sai bayan shekaru na san cewa tun 1973 ake sayar da wata ƙwaya a Ingila mai suna tamoksifen, wadda ke danne irin wannan ciwo a jikin wasu mata, ba ta yi wa wasu komai.

Ɓeran gwaji a Zariya na fara ganinsa, lokacin da nake koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Fari fat ne, idanunsa ja, ana kiwonsa a keji a kan dusar katako, ana auna masa abinci. Ni da na tashi ina kafa wa ɓera tarko a rumbu, abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Mace tana da kan nono goma, biyar a kowane gefe, namiji kuwa ba shi da ko ɗaya. Cikinta kwana 19 zuwa 21 ne, tana balaga tun tana da mako huɗu zuwa shida, don haka abin da ke ɗaukar mace 'yar Adam shekara ashirin ana iya kallonsa daga farko har ƙarshe cikin 'yan watanni. Akan ɗaye nono na huɗu, wanda ke wajen matsematsi, a shimfiɗa shi a kan gilashi, a rina shi da jan launi, a ɗaga shi a haske. A jikin jaririya ɗan tsiro ne kawai a gindin kan nonon, sauran duk kitse ne fili. Da balaga ta zo, bakin kowace magudanar nono sai ya kumbura ya yi kai, ya riƙa kutsawa cikin kitsen yana rabuwa gida biyu, biyun su sake rabuwa, har wajen mako na goma rassan sun kai bango sun tsaya. In an cire wa ɓerar jakar ƙwai kafin balaga, tsiron ba ya motsi. In an yi mata allurar sinadarin istirojin, wanda jakar ƙwan ke samarwa, sai ya tashi ya kama hanya. Ranar da na ga wannan da idona na fahimci ƙirgar dangi.

Wanda ya fara haɗa jakar ƙwai da sankarar nono daga wajen dabbobin kiwo ya faro. George Beatson likita ne a Gilasgo ta Sikotland. Yana saurayi ya zauna a karkara yana lura da tumaki masu shayarwa, ya kuma ji cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya jakar ƙwai bayan ta haihu don ta daɗe tana ba da madara. Sai ya ce ashe akwai gaɓar da ke juya nono daga nesa. A 1895 ya cire wa wata mata 'yar shekara 33 jakar ƙwai, bayan sankarar nononta ta dawo ta gagari wuƙa, ciwon ya janye na wani lokaci. Ya buga labarin a mujallar Lancet a 1896. Da wasu likitoci suka bi sahunsa, aka ga mace ɗaya cikin uku ce ke samun sauƙi, sauran biyun a banza aka farka musu ciki. Dalilin wannan bambanci sai da ya shekara saba'in da ɗoriya a rufe.

A tsakanin nan ɓeraye ne suka riƙe maganar. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta a Amurka, Abbie Lathrop, da ke kiwon ɓeraye tana sayarwa a garin Granby. Ta lura wasu zuriya daga cikinsu suna yawan fitar da ƙari a nono. Ita da masani Leo Loeb suka nuna a 1916 cewa idan aka cire wa irin waɗannan jakar ƙwai kafin su kai wata shida, ƙarin yana raguwa ƙwarai. A 1932, a Faris, Antoine Lacassagne ya juya gwajin: ya ɗauki maza daga zuriyar da matansu ke yin sankara, ya riƙa yi musu allurar istirojin, mazan suka yi sankarar nono. Daga nan babu sauran musu cewa sinadarin da ke gina nono shi ne kuma ke iya ciyar da ciwonsa. Lacassagne ma ya yi hasashen cewa wata rana za a samu maganin da zai tare masa hanya.

Abin da ya rage shi ne: istirojin yana zagaya jiki duka a cikin jini, to me ya sa mahaifa da nono ke amsa masa, tsokar cinya ba ta amsawa? Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ne ya warware wannan daga 1958. Ya yi wa sinadarin alamar da na'ura ke iya bibiya, ya sa wa ɓerayen gwaji, ya ga mahaifa ta kama shi ta riƙe, tsoka ta sake shi ya wuce. Ashe a cikin wasu ƙwayoyin jiki akwai wani furotin da aikinsa ke nan, ya karɓi istirojin ya kai shi ga ƙwayoyin gado ya kunna su. Shi ne makarɓin istirojin, wanda ake rubuta wa ER a takardar sakamako. A farkon shekarun 1970 Jensen ya nuna cewa sankarar da ke ɗauke da makarɓin ita ce ke janyewa idan aka yanke mata istirojin, wadda ba ta da shi kuwa ko a jikinta. Amsar tambayar Beatson ke nan.

Ina bakin aiki, Jigawa tana 'yar shekara biyu, aka yi gwajin da ya fi kowane burge ni. A 1993, a Karolina ta Arewa, Dennis Lubahn da Kenneth Korach da Oliver Smithies da abokan aikinsu suka samar da ɓeran da aka kashe masa ƙwayar gadon da ke yin makarɓin. Da yawa sun zaci ba zai rayu ba. Ya rayu, sai dai maza da mata ba sa haihuwa. Matan kuwa, duk da istirojin ya fi na sauran ɓeraye yawa a jininsu, nononsu ya tsaya a ɗan tsiron nan na jarirai har suka girma. A 1996 ɗakin binciken Jan-Åke Gustafsson a Suwidin ya gano makarɓi na biyu, aka kira na farko alfa, sabon kuma bita. Da aka yi ɓeran da ba shi da bita a 1998, magudanan nononsa suka fito kusan yadda aka saba, har matan suka shayar. Wato ragamar girman nono tana hannun alfa, kuma shi ake dubawa a naman majiyyaciya har yau.

Wani abin ban sha'awa ya fito daga Lozan ta Siwizalan a 2006 da 2007, a ɗakin binciken Cathrin Brisken. A lafiyayyen nono ba kowace ƙwayar jiki ke da makarɓi ba, kuma mai shi ba ita ce ke yawan rabuwa ta hayayyafa ba. Abin ya yi kama da saƙon hakimi: gidan mai unguwa yake sauka, shi kuma ya sa a yi shela, maƙwabta su fito gayya, ba lallai shi da kansa ya ɗauki fartanya ba. Shelar a nan wani sinadari ne da ake kira amfiregulin. Da masu binciken suka dasa ƙwayoyin da ba su da makarɓi su kaɗai a kitsen ɓera, ba su tsira ba. Da suka cakuɗa su da masu shi, sai suka shiga aikin ginin tare da su. A sankara wannan tsari ne ke rushewa, ƙwayar da ta karɓi saƙo ita ce ke rabuwa da kanta, ba ta kuma tsayawa idan ta kai bango.

Ɓera dai ba mace ba ne, kuma ina ƙin jin an yi maganarsa kamar shi ne. Yawancin sankarar nonon ɓerayen gwaji ba ta ɗauke da makarɓi, alhali a matan Turai da Amurka kusan bakwai cikin goma suna da shi. Akwai ma zuriyar ɓerayen da ƙwayar cuta ce da suke sha a nonon uwa ke jawo musu ciwon, kamar yadda John Bittner ya gano a 1936. A 1999 an haɗa ɓeran Korach da wata zuriya da aka shirya ta yi sankara, sai ya zama marasa makarɓin ma sun yi ciwon, sai dai sun ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da sauran suka ɗauka. Istirojin yana hura wutar, amma akwai sankarar da ke ci ba tare da shi ba. Shi kansa tamoksifen, wanda Dora Richardson ta haɗa a kamfanin ICI a 1962 da nufin maganin tsarin iyali bai yi ba, a nono yana zama ne a gurbin istirojin ya toshe makarɓin, amma a mahaifa yana ɗan kwaikwayonsa. Shi ya sa yake ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa da daskarewar jini. Ga mai makarɓi ribarsa ta ninka wannan haɗari nesa ba kusa ba: shansa na shekara biyar yana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara goma sha biyar. Ga wadda ba ta da makarɓi kuwa, haɗarin kawai za ta kwasa. Na sha ganin an rubuta wa mace shi ba a duba namanta ba, don yana da araha kuma ba a son a sallame ta hannu rabbana. Na fahimci tausayin, amma ban yarda da shi ba.

Duk wannan bincike na shekara ɗari, idan ya iso kan matar Gwiwa ko ta Roni, tambaya ɗaya yake zama: ciwonta yana da makarɓi ko babu? A nan ne raina ke ɓaci, domin amsar takan lalace a hanya tun kafin ta iso teburina. Makarɓin furotin ne, yana fara narkewa daga lokacin da aka raba nama da jini. Ƙa'ida ita ce a jefa naman a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari kafin awa ɗaya ta cika, ruwan ya ninka naman sau goma, ya zauna a ciki awa 6 zuwa 72. Fomalin yana ratsa nama kimanin milimita ɗaya ne a awa, don haka babban ƙari sai an tsattsaga shi, in ba haka ba bayansa ya tsaru, cikinsa ya ruɓe. Na tuna wani dattijo daga ƙasar Gwiwa da ya shigo mini cikin zafin watan Afrilu da robar fenti a ƙunshe cikin zane. Nonon matarsa ne gaba ɗaya, an cire a wani asibiti, an zuba masa ruwan gishirin ƙarin ruwa saboda fomalin ya ƙare, an ce ya kai Kano. Sai da ya koma gida ya sayar da tunkiya ya haɗa kuɗin mota da na gwaji, robar tana ɗaki tana jira. Ya ajiye ta a gabana da hannu biyu ya ce, "Malam, ga amanar nan." Na buɗe na san babu abin da zan karanta a ciki. Irin wannan nama, in an matsa an rina shi, yakan nuna babu makarɓi ko da akwai, sai a hana mace ƙwayar da za ta iya ƙara mata shekaru.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2009 wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta daga Jami'ar Shikago ya duba naman mata 507 daga Najeriya da Senegal, ya samu makarɓi a kusan kashi 24 cikin ɗari kacal. Shekara ɗaya kafin nan, binciken Clement Adebamowo da abokansa a Ibadan, wanda aka kula da adana naman tun daga ɗakin tiyata, ya samu kusan kashi 65. Sankarar da ba ta da makarɓi tana da yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma, wannan ba a musunsa. Amma wani kaso na wannan tazara kwalba ce da agogo, kuma nazarin da ya tattara binciken nahiyar a 2014 ya nuna cewa yadda aka adana nama yana sauya sakamako. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 suka kamu da sankarar nono a Najeriya, sama da 16,000 suka mutu. Matanmu suna da kariya guda da ya kamata a riƙe, wato doguwar shayarwa, domin wani babban nazari na 2002 ya nuna kowace shekara ta shayarwa tana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Ragewa ce, ba kawarwa ba. Goggo ta shayar da 'ya'ya bakwai.

Matar ƙanena 'yar Babura ce. Wata rana bayan sallar isha'i ta kira ni a waya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Yaya, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa maka." Na ce ta ba ƙanena wayar. Da na ji ƙullutu ne mai tauri marar zafi, na ce kada a shafa komai, kada a huda, su kamo hanya da sassafe. Ranar da za a ɗebi naman na haɗa fomalin da hannuna, na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, na roƙi ma'aikaciyar jinya ta rubuta mini lokacin da aka yanke a jikin kwalbar. Da aka rina, na sa ido a madubi na ga tsakiyar ƙwayoyin ta yi ruwan ƙasa fal, kusan babu wadda ta tsira. Ƙa'ida ta ce ko ɗaya cikin ɗari ya rinu ana lissafa shi mai makarɓi, nata kuwa ya wuce haka nesa. Aka yi mata aiki, aka yi ƙarin ruwan kemo, aka tura ta asibitin Shika aka yi gashi, sannan ta shiga shan tamoksifen ƙwaya ɗaya kullum. Ta sha fama da zufa da zafin jiki da dare, har ta so ta bari, sai da aka zaunar da ita aka bayyana mata cewa aikin maganin ne ke jawo hakan. Ta cika shekarunta biyar, ta aurar da 'yarta ta fari, tana zuwa a duba ta a kan lokaci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ta samu wannan ne don tana da mai tsaya mata a bakin ƙofa. Yau akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai jami'ar fasaha ta tarayya a Babura, akwai yara masu takardar aikin gwaji suna zaune a gida. Ba na neman a kawo na'urar gashi Roni. Ina neman kowane ɗakin tiyata daga Kazaure zuwa Babura ya kasance da jarkar fomalin da aka haɗa daidai, da kwalabe masu faɗin baki, da mutum ɗaya da ya san a tsaga ƙari kafin a jiƙa shi, ya rubuta lokaci a jikin kwalbar. Sannan a ware mota sau biyu a mako ta kwashi kwalaben zuwa Kano, sakamakon ya dawo ta waya ga likitan da ya yi aikin, a daina ɗora wa mijin majiyyaciya roba ya je neman kuɗin mota.